Ranar da Sarkin Barci Ya Tashi Korar Tsuntsu

Yau shekarata saba'in da ɗaya a duniya, abin da zan ba ku labarinsa kuwa ya auku shekara goma sha biyu da suka wuce, a damina ta ƙarshe da na yi ina aiki. Al'amura da yawa sun shige mini duhu yanzu, har sunayen waɗansu shugabannin da na yi wa biyayya sun ɓace mini. Amma ranar da na tsaya bakin wata gonar gero a Fakku na ga abin da na gani ba ta taɓa fita zuciyata ba, ba na kuma tsammanin za ta fita sai an tura mini ƙasa. Na rubuta wannan ne dominku, ku da kuka gaje mu a ofis, tun da kun dame ni da tambayar dalilin da ya sa gwangwani biyu daga cikin na ɗakina suka lotse, kuma ba na yarda a buɗe su gaban baƙo.

Sai na fara bayyana muku aikin, domin na lura mafi yawanku kuna zaton fim a cikin wayar hannu aka haife shi. Ni mai majigi ne. Na shiga aiki a ofishinmu na wayar da kan jama'a da ke Tambuwal a matsayin mataimakin mai majigi, wato mai ɗaukar farin ƙyalle da turaku da igiya. Daga nan aka ba ni na'ura a hannuna, a ƙarshe na zama babban jami'in majigi na shiyya. Ƙa'idar aikin ita ce, idan an isa gari sai a fara sauka wurin mai gari a gaishe shi, a nemi izni, ya sa mai shela ya zagaya. Da la'asar a kafa ƙyalle a fili, a gwada janareta, a gwada na'ura. Bayan an idar da sallar isha'i jama'a su hallara, maza gefe, mata gefe, mai majigi ya kunna, ya kuma riƙe lasifika yana fassara abin da ake gani. Shi kuwa fim ɗin wani dogon zare ne mai faɗi kamar na ɗan yatsa, baƙi mai sheƙi, da ƙananan huji jere a gefensa inda haƙoran na'ura ke kamawa. Ana naɗe shi a kan faifai, faifan kuma a rufe shi cikin gwangwani mai faɗi. Fim guda yakan ci faifai biyu ko uku. Abu na farko da maigidana a wannan sana'a ya koya mini, Allah Ya jiƙansa, shi ne: gwangwanin fim ba ya taɓa ƙasa, ba ya kwana a rana, ba a kuma ɗaukarsa tsirara sai an naɗe shi da ƙyalle mai tsabta. Ku riƙe wannan ƙa'ida a zuciya, domin a kanta labarin ya rataya.

Da zamani ya juya, talabijin ya shigo, kaset na bidiyo ya biyo baya, sai gidajen silima na birni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na ga da idona ana auna gwangwanayen fim a sikeli kamar tsofaffin tukwane. Abin ya tsaya mini a rai, na fara tarawa. Na tara na Indiya, waɗanda ba su da launi, na zamanin da jaruma kan yi magana da ido kaɗai jama'a su yi tsit. Na tara na kaboyi, da na Larabawan Masar, da manyan hotunan jarumai da ake mannawa a ƙofar silima. Na ware musu ɗaki mafi sanyi a gidana, na sa kafinta ya yi musu kanta nesa da bango saboda gara. Duk shekara bayan ruwa ya ɗauke nakan buɗe kowane gwangwani in shinshina, domin fim idan ya fara lalacewa wani wari mai tsami yake yi, sa'an nan in warware faifan in sake naɗewa don kada ya manne. Uwargidana ta sha ce mini da na kula da rufin ɗakinta rabin yadda nake kula da wannan ɗaki, da ba ta kwana tana tara kwanuka ba. Ban taɓa mayar mata da magana ba, domin wanda bai san abu ba ba a jayayya da shi.

A cikin duk abin da na tara, babu wanda ya kai mini wani fim namu na gida, mai faifai uku, wanda aka yi tun ina yaro don koya wa manoma tsare amfanin gona daga tsuntsu. Labarin wani malalacin manomi ne da ake ce wa Sarkin Barci. A faifai na ɗaya da na biyu, maƙwabtansa na can suna fama da tsuntsayen jan-baki, shi kuwa yana kwance gindin tsamiya, tsuntsu na cin geronsa har suna sauka a kan hularsa. A faifai na uku yunwa ta kama shi, ya yi nadama, ya tashi ya yi noma, ya cika rumbu. Na fara ganin fim ɗin a filin kasuwar Tambuwal ina bisa wuyan yayana, kuma shi ya sa mini sha'awar wannan aiki. Na ga jarumai iri-iri a rayuwata, na ga masu kuka da masu faɗa da masu hawan doki, amma ban taɓa ganin wanda ya iya barci kamar mutumin nan ba. Yadda yake sosa ƙwauri da babban yatsan ɗaya ƙafar ba tare da ya farka ba, yadda yake buɗe ido ɗaya ya dubi tsuntsu ya sake rufewa kamar ya ba su izni, wannan baiwa ce, ba koyo ba. Duk garin da na nuna shi, da faifai na biyu ya ƙare sai jama'a su ɗauki ihu a maimaita daga farko. Sau da yawa ba ma kaiwa ga na uku, domin kowa barcin ya zo gani. Na yi cigiya a Sakkwato, na yi a Kaduna, ban ji labarin wani kwafi ba bayan nawa.

To, a wannan damina, wata rana muna dawowa daga Dogon Daji ni da direbanmu Ummaru, wanda muka tsufa tare a mota ɗaya, ina yabon jarumin nan kamar yadda na saba, ina cewa Allah kaɗai Ya san inda kabarinsa yake. Sai Ummaru ya ce, “Wane kabari? Sarkin Barci ai shina nan Fakku da ranshi. Malam Altine sunanshi. Surukaina na Kebbe sun san shi.”

Na ce, “Ummaru, tun yaushe ka san haka?”

Ya ce, “Tun kahin in yi aure.”

“Shi ne ba ka taɓa gaya mini ba?”

“Ba ka taɓa tambaya ba, Malam. Kullum kai ka magana.”

Washegari na shiga wurin shugaban ofishinmu, wani matashi mai ladabi wanda ya kan kira ni Baba Majigi. Na nemi iznin kai tsohuwar na'ura Fakku domin a nuna wa jarumin fim ɗinsa a gaban mutanen garinsu, a karrama shi. Ya saurare ni har na ƙare, sa'an nan ya ce, “Baba Majigi, ba kai ka ce akwai masu zuwa bayan kaka su zuba maka shi cikin kwamfuta ba? Me zai hana a jira a yi kwafi tukuna? Hanyar Kebbe da damina ba ta da kyau.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, mutumin ya haura tamanin. Ajali ba ya jiran kwamfuta. Shekara talatin da ɗoriya ina yawo da faifai a hanyoyin da suka fi wannan muni, ban taɓa ɓatar da ko taƙi ɗaya ba.”

Ya yi murmushi, ya ba da izni. Har gobe ina nan a kan cewa hujjata ta fi tasa ƙarfi.

Na sayi sabon farin yadi na naɗe gwangwanayen uku. Na sayi goro da sukari da turmin shadda na gaisuwa. Muka kama hanya, mota na tsalle, ni kuwa faifan na bisa cinyata tun daga Tambuwal har Kebbe, daga Kebbe har Fakku. Muka sauka wurin mai gari kamar yadda ƙa'ida ta ce, ya haɗa mu da wakilinsa, Malam Dikko, ya kai mu gidan Malam Altine.

Na tarar da wani dogon tsoho siriri zaune a zaure bisa tabarma yana tufka igiya. Da ya ɗago kai, na ga idon nan, nan take na gane shi. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, “Baba, yau Allah Ya cika mini burin shekara hamsin. Yau na ga Sarkin Barci ido da ido.”

Ya ajiye igiyar. Ya dubi Malam Dikko ya ce, “Dikko, daga ina ka samo wanga? Har mutanen Tambuwal sun shiga sahun masu zagina?”

Na ce, “Subhanallahi, Baba, yabo ne.”

Ya ce, “Yabo? Yaro, kwana kaɗan na yi wa mutanen nan wasa, sunka ba ni riga da ɗan abin sayen goro, sunka tahi. Ni sunka bari da suna. Da na je neman aure, uban yarinya cewa ya yi ba shi ba malalaci ɗiyatai. Ni da ko zakara bai riga ni tashi! Jikokina yanzu, in sun yi faɗa makaranta, jikan Sarkin Barci aka ce masu.”

Na ɗauka irin tawali'un manyan jarumai ne, domin na karanta cewa da yawansu ba sa son a yabe su a fuska. Saboda haka na gyara zama na yi masa jawabi, wanda Ummaru ya ce ya yi tsawo, ni kuwa na san daidai yake. Na bayyana masa matsayinsa a tarihin majigi. Na ajiye goro da sukari da shadda a gabansa bisa tabarma. Sa'an nan na duba inda zan ajiye gwangwanayen. Zauren ƙasa ce zalla, ga danshin damina, babu kujera, babu benci, babu wani abin shimfiɗa sai tabarmar da yake zaune a kai. Gwangwanin fim kuwa ba ya taɓa ƙasa. Sai na ɗora ƙunshin bisa tabarmar, kusa da goron, na kwance bakin yadin na nuna masa. Ya shafa gwangwanin, ya ce, “Madalla. Allah Shi yi albarka.” Na ce amin, na ji daɗi a raina, na ce ga shi ya fara saukowa.

Da la'asar muka kafa ƙyalle, muka tayar da janareta. Ina kunna na'ura don gwaji sai ƙwan fitilarta ya yi fat, ya mutu. Na buɗe akwati in ɗauko na ajiya, na tarar tsallen hanya ya farfasa shi. Irin wannan ƙwai ba a samunsa a Kebbe, ba a ma samunsa a kasuwa ko'ina yanzu, sai waɗansu biyu da na ɓoye a gida. Dole mu koma Tambuwal. Hadari kuma ya haɗu, rufin motarmu na yoyo. Na auna a raina: faifai ya sha jijjiga sau ɗaya, ba zan ƙara masa sau biyu a cikin ruwa ba, alhali ga zaure busasshe, ga kuma mai fim ɗin da kansa. Wa zai fi shi tsare shi? Muka yi sallama muka tafi, da niyyar dawowa washegari. A daren aka yi ruwan da ya cinye wata kwalbati a hanya, ba mu sami komawa ba sai bayan kwana huɗu.

Mun kusa shiga Fakku da hantsi, gero ya nuna ko'ina, jan-baki na tashi gungu-gungu kamar hayaƙi. Sai muka hango wata gona ita kaɗai tana walƙiya. An ja wani abu mai sheƙi daga kara zuwa kara, ya ratsa gonar tsaye da kwance, iska na kaɗa shi yana ƙyalli yana wani irin kuka. Tsuntsu ko ɗaya bai sauka cikinta ba. Kun san manoma kan yi haka da zaren tsohon kaset.

Ummaru ya ce, “Kai, wanga manomi ya samu zare mai kyau.”

Ni da bakina na ce, “Ka ga manomin kirki. Wannan shi ne abin da muka yi shekaru muna koya wa mutane.”

Muka ƙara matsawa. Zaren ya fi na kaset faɗi. Na ce wa Ummaru ya rage gudu. Wani ɓangare ya tsinke yana lilo a bakin hanya, rana ta ratsa ta cikinsa, sai na ga ƙananan huji jere a gefensa.

Ban san lokacin da na fita daga motar ba. Ummaru ya ce tana tafiya na sauka, ni ban tuna ba. Na kama zaren na ɗaga, ga tsamiya, ga hula, ga ƙafa. Faifai na ɗaya ne. Na dubi gonar daga wannan gefe zuwa wancan, na ga dukiyar da na yi shekara da shekaru ina shinshinawa, ina kare ta daga gara da danshi, an ɗaure ta a karan gero, ta kwana cikin raɓa, ta sha ruwan sama, yanzu rana na gasa ta. Can tsakiyar gona, bisa rumfar tsaro, ga Malam Altine zaune yana jan wata igiya. A jikin igiyar gwangwanaye biyu ne ke reto, an zuba musu tsakuwa, an huda su da ƙusa, suna kacau-kacau.

Ya hango ni ya ɗaga hannu da fara'a. “A'a, Mai Majigi! Sannu da hanya. Kai, Allah Shi saka maka da alheri. Shekara nawa ina neman zaren kaset, yaran yanzu duk waƙarsu cikin waya take, ba a samu. Wanga naka ya hi kaset nesa ba kusa ba. Dubi gonar Dikko can, tsuntsu sun gama da ita.”

Na matsa kusa da rumfar. Na ce, “Baba, wa ya ba ka?”

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. “Kai mana.”

“Ni? Ajiya na bari!”

“Ajiya? Bisa tabarmata, gefen goro, cikin sabon yadi? Nac ce Allah Shi yi albarka, kac ce amin, gaban Dikko?”

Na ce, “Baba, wannan shi kaɗai ya rage a duniya!”

Ya ce, “To ai gara da ya zo hannun mai shi.”

Na yi magana mai zafi a wurin nan, ba zan maimaita ta a rubuce ba. Ummaru ya riƙe mini hannu, ya ja ni muka tafi wurin mai gari, aka kira Malam Altine da Malam Dikko. Na gabatar da ƙarata a tsare: na bayyana ƙa'idar gwangwani, na bayyana cewa ba don tabarmar ce kaɗai shimfiɗa a zauren ba da ban ɗora a kanta ba. Mai gari ya saurara da haƙuri, sa'an nan ya tambayi Malam Dikko abin da ya gani.

Malam Dikko ya ce, “Ranka shi daɗe, goro da sukari da shadda da ƙunshi, duk wuri guda ya aje su. Ni ma na ɗauka tsaraba ce. Har nac ce a raina mutanen Tambuwal akwai hannu sake.”

Mai gari ya juyo gare ni ya ce, “Malam, nan garin, mai barin ajiya hannu da hannu shika ba mai gida, ya ce ga amana, mai gida ya tashi ya kai ta ɗaka da kanshi. Abin da baƙo ya ɗora bisa tabarmar mai gida tare da goro kuwa, ya zama na mai gida. Ko tsohuwa ta san wanga. Kai da ka yi shekaru kana yawon ƙauyuka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, ni ma sana'ata tana da ƙa'ida.”

Ya ce, “Tana da ita. Amma zauren ba na sana'arka ba ne.”

Na juya ga Ummaru ko zai taimake ni. Sai ya ce, “Gaskiya, Malam, ni ma da na ga ka aje nan, na yi mamakin kyautarka. Na so in yi magana, to kana cikin jawabi.”

Na roƙi a bar ni in kwance zaren a ranar, ko Allah Ya sa a ceci wani abu. Malam Altine ya ce ko kusa. Gero saura kwana kaɗan a yanka, in aka kwance yau, gobe tsuntsu sun gama da abincin gidansa na shekara. Bayan girbi in zo in kwashe abina, ya ba ni kyauta. Ku ji fa, ya ba ni kyauta! Mai gari ya ce wannan adalci ne. Na dubi fuskokin dattawan da ke wurin, babu ko ɗaya da ya ga abin da aka yi asara. A wurinsu ga hatsi a gefe guda, ga baƙin zare a gefe guda, ga kuma wani tsoho daga Tambuwal yana neman ya yi kuka a kan zaren.

Sai a lokacin hankalina ya dawo kan lissafi: gwangwani biyu na gani a gona. Na ce, “Baba, ina na ukun?”

Ya aika aka ɗauko shi daga ɗaka, naɗe cikin farin yadin, ko ƙura babu. Na buɗe. Faifai na uku ne, lafiya lau.

Na ce, “Me ya sa ka bar wannan? Zaren ne ya ishe ka?”

Ya ce, “Ina fa ya isa, gonar da saura. Ai kahin in ɗaura, sai da na ɗaga kowane ga rana na duba. Na hwarko, ga ni kwance. Na biyu, ga ni kwance. Nac ce masa, kai, shekara hamsin kana barci kana ja mani zagi, yau dai tashi ka kori tsuntsu. Wanga na ukun kuwa na gan shi duƙe shina noma. Mai aiki ba a ɗora mashi wani aiki.”

Zauren mai gari ya kwashe da dariya, har da Ummaru, wanda albashinsa ofishinmu ke biya. Ni ban yi dariya ba.

Niyyata in naɗe kayana in tafi. Amma an riga an yi shela tun zuwanmu na farko, mutane sun zo har daga rugagen da ke kewaye, kuma mai majigi ba ya tara jama'a ya watse su ba su ga kome ba. Bayan isha'i na sa sabon ƙwai, na ɗora faifai na uku, na ɗauki lasifika. Ban yi dogon bayani ba. Ƙyalle ya yi haske, sai ga saurayi dogo, ƙaƙƙarfa, ya tashi daga gindin tsamiya, ya kakkaɓe riga, ya saɓa fartanya. Matasan garin sunan kawai suka gada, ba su taɓa ganin fim ɗin ba. Tsofaffin da suka gani kuwa barcin kaɗai suke tunawa. Suka ga yana huɗa, yana kafa rumfa, yana jifan tsuntsu da majajjawa, yana ɗaure dami yana jefawa rumbu kamar ba nauyi. Wata tsohuwa daga gefen mata ta ɗaga murya ta ce, “La ilaha illallahu, ashe ya tashi!” Wani yaro ya yi ihu, “Kakanmu ne! Kakanmu ne!” Malam Altine na zaune gaba bisa kujerar da aka kawo masa, ya miƙe wuya yana kallo har faifan ya ƙare. Jama'a suka nemi a maimaita, na maimaita.

Da muna naɗe ƙyalle ya zo ya tsaya kusa da ni, ya ce, “Mai Majigi, da wanga kunka riƙa nunawa tun hwarko, da na auri wadda nika so.” Ya juya ya tafi abinsa, wai gobe da asuba zai fita gona.

Bayan girbi wani ɗan acaɓa ya yi sallama a ƙofar gidana a Tambuwal, da buhu ɗaya da damin gero ɗaya. A cikin buhun zaren ne, a cukurkuɗe, a tsintsinke, da gwangwanayen nan biyu lotsattsu. Damin kuwa, in ji saƙon, ladan aikin Sarkin Barci ne, tun da a hannuna yake zaune. Na yi makonni ina warwarewa ina gogewa. Rana da ruwa sun wanke hoton, zaren ya zama fari kamar farce. Nan da can akan ga reshen tsamiya, ko gefen hula. Wuri ɗaya tak na sami ƙafar nan tana sosa ƙwauri, bai kai tsawon kamu ɗaya ba. Da masu kwamfuta suka zo, faifai na uku kaɗai suka samu. Shi ne wanda kuke da shi a ofis, wanda na ji waɗansunku na cewa ba shi da ban dariya. Yaya za a yi ya yi ban dariya? Dariyar tana gonar Fakku. Geron kuwa uwargida ta yi fura da shi, ta ce wannan ne karo na farko da gwangwanayena suka kawo wani abu gidan.

Abin da na ɗauka daga wannan al'amari, ga shi. Mu masu tara finafinai inuwar da ke bisa ƙyalle muke ƙauna, mukan manta cewa idan an kashe na'ura mun naɗe kayanmu, akwai mutumin da zai kwana a garin da sunan da muka bar masa. Na yi shekara hamsin ina girmama Sarkin Barci, ban taɓa tambayar yadda Malam Altine ya kwana ba. Wannan na gane shi. Amma kada wani ya ɗauka na sauko daga matsayina: abin da aka yi wa faifan nan ɓarna ce, babu kuma wanda zai sake ganin barci irin wannan har abada. Malam Altine ya rasu bayan shekara biyu, na je gaisuwa, na kuma yafe masa a matsayina na Musulmi. A matsayina na mai majigi kuwa, har yanzu ina duba lamarin. Ku dai idan aiki ya kai ku ƙauye da kayan da kuke so ku koma da su, ku riƙe su bisa cinyarku, ko da jawabinku zai kai la'asar.

Wanda ke shakkar wani abu a cikin wannan labari, Ummaru direba yana nan da ransa a Tambuwal, bayan tasha. Sai dai ku sani yakan ƙara gishiri a wurin saukata daga mota. Malam Dikko, wakilin mai gari, shi ma yana nan Fakku. Shi ne mai gonar da tsuntsu suka cinye a shekarar, kuma duk lokacin da muka haɗu a kasuwar Kebbe sai ya tambaye ni ko akwai sauran tsofaffin finafinan da ba na so.